Yadda Na Koyi Tuƙin Jirgi a Ruwan Yauri

Ranar da mota ta sauke jirgin a bakin kwata, farkon watan Afrilun 2024, mutane suka taru ana ta sa albarka. Baba, wani tsohon matuƙi aminin mahaifinmu, shi kaɗai ne bai ce uffan ba. Ya zagaya shi yana ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsa, yana kasa kunne yadda mata ke gwada tukunya a kasuwa. Da ya iso gindi, inda aka ɗaura inji, ya sa hannu biyu ya girgiza wurin da ƙarfi ya ga ko zai motsa. Sannan ya ɗago kai.

"Ɗan Malam, ka iya ruwa?"

"Ban iya ba, Baba."

"To mayar da makullin nan aljihu. Ba da shi za mu fara ba."

A Yelwa aka haife ni, amma mahaifinmu malamin makaranta ne, ba mu gaji ruwa ba, kuma Inna ta yi tsayin daka ba mu taɓa zuwa wanka kogi ba. Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati a Kaduna. Da na yi ritaya na dawo gida, yayana ya kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu sayi ƙaramin jirgin faiba na hannu daga Legas, mai tsawon ƙafa 19. Ba don haya ba. 'Ya'yanmu da jikokinmu sun tashi a birni, in sun zo hutu sai dai su tsaya a gaɓa suna ɗaukar hoto, kogin da ya rayar da garin kakanninsu ba su san shi ba. Ni ma, in za a faɗi gaskiya, ban san shi ba.

Inna ta ƙi, kuma tana da hujja. A watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko mutum sama da 150 ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, 'yan kaɗan aka ceto. Duk wanda ke ƙasar Yauri a lokacin ya san gidan da aka je ta'aziyya. Sai da aka yi mako uku ana lallashi ta sauko, da sharaɗi ɗaya: jikanta ko ɗaya ba zai taka jirgin ba sai ranar da Baba, aminin mahaifinmu, wanda ya yi sama da shekara arba'in yana fito, ya zo da ƙafarsa ya ce mata na iya.

Haka na fara koyon iyo ina dab da shekara sittin. Kullum bayan an yi asuba, ɗan Baba yakan kai ni wani wuri mai yashi da ruwa ke gudu, nesa da ciyayi saboda tsargiya. Ya tallafe min ƙeya da tafin hannu ya ce in kwanta rigingine, in bar kunnuwana su shiga ruwa, in ja numfashi a hankali. Kwana huɗu jikina na ƙin yarda. A na biyar ya zare hannunsa ban sani ba, sai muryarsa na ji daga can gefe. Ban zama gwani ba har yau, amma tsoron nan da ke sa mutum ya cakumi na kusa da shi su nutse tare, ya bar ni.

Na ɗauka tsohon matuƙi irin Baba zai raina rigar kariya, don da yawa daga cikin sa'o'insa suna ganin ta a matsayin kayan matsorata. Shi ya fara tambayar inda nawa suke. Na kawo guda goma da na saya, ya ware uku ya ce a mayar a canzo, don da ya matsa su soson ciki ya marmashe a hannunsa. Ya sa na ɗaura ɗaya, ya kama kafaɗunta ya ɗaga sama, sai ga ta ta rufe min kunnuwa. Ya ce in na faɗa ruwa haka za ta yi, ta taso ta bar ni a ƙasa. Muka ƙara ɗaure maɗaurin ƙirji. Na yara kuwa ya ce dole su zama daidai nauyin yaro, masu igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, masu tudu a wuya da zai riƙe kai sama. "Na ciro gawar gwanayen iyo da hannun nan," in ji shi. "Wanda katako ya buga wa kai ba ya iyo."

A kan inji mun daɗe muna ja-in-ja da yayana tun kafin a saya. Yawancin jiragen kwata suna amfani da irin injin da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ba shi da nauyi, kowane makaniki a bakin ruwa ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma suna nan birjik. Aibinsa shi ne yana shan mai, kuma wani kaso na man yana fita ta bututun hayaƙi bai ƙone ba, shi ne maiƙon nan mai launi-launi da ake gani yana yawo a kan ruwa a inda jirage ke tsayawa, a wurin da mata ke wanki yara ke wanka. Ɗayan irin, mai zagaye huɗu kamar na mota, baƙin mansa yana ma'ajiyarsa daban. Ya fi tsada, ya fi nauyi, amma shiru ne da shi kuma yana tattalin fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafin ya daina zama ƙaramin abu. Shi muka saya, mai ƙarfin doki 40, kuma ban yi da-na-sani ba, ko da yake in wani abu ya lalace sai an aiko daga nesa.

Kafin Baba ya bar ni in tayar da shi sai da na haddace abin da ake dubawa, kullum a jere ɗaya. A leƙa toshiyar da ke gindin jirgi an ɗaure ta. A matsa ƙwallon robar tiyon mai har ya yi tauri. A tabbata giya tana tsakiya. In inji ya tashi, ido ya koma kan siririn ruwan da yake tsartuwa ta baya, wanda 'yan kwata ke ce wa fitsari. Da ruwan kogi injin ke sanyaya kansa, in fitsarin ya tsaya to ko leda ta toshe mashigar ruwan ko robar famfon ta cinye, kuma mintuna kaɗan sun isa ya ƙone. Akwai kuma wata jar igiya mai murɗe-murɗe da ake maƙala wa maɓallin kashe inji, ɗaya bakin a ɗaura a ƙafar matuƙi. In ka faɗa ruwa ta fizge, inji ya mutu nan take. In babu ita, jirgi ba ya tafiya ya bar ka, juyawa yake yi yana zagaye da farfela a guje, a daidai inda ka faɗa. Na ga matuƙa da yawa sun naɗe ta a jikin hannun inji don kada ta dame su. Raina yana ɓaci duk lokacin da na gani.

Tuƙin kansa ya ba ni wuya fiye da yadda na zata, saboda shekara talatin na yi ina tuƙa mota kuma sai da na kwance duk abin da hannuna ya saba. In ka tura hannun inji hagu, jirgi dama yake yi. Mota da gaba take juyawa, jirgi da gindi, don haka in ka kauce wa abu da hanci, bayanka na iya zuwa ya same shi. Birki babu. Iska da gudun ruwa suna tura ka ko da ka kashe komai. Baba ya ɗaura jarka a dutse ya jefa ta, ya ce in zo in tsaya kusa da ita ba tare da na taɓa ta ba. Na fi mako ina wuce ta ko ina hawa kanta, kafin na gane cewa ana tunkarar abu ne ta inda ruwa ke zuwa maka a fuska, a bar gudun ruwan ya zama shi ne birkin. Daga nan sai ya riƙa wurga jarkar ba sanarwa yana cewa, "Jikanka ya faɗa!" In rage wuta, in juyo, in iso gefenta a hankali, in kashe inji kafin a miƙa hannu. Ko da yake na san jarka ce, duk sanda ya faɗi haka sai gabana ya yanke.

Rajista ba ta ɗauki lokaci ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ita ke da alhakin wannan. Na cike takardu, aka duba jirgin, aka jaddada min abin da kowa ya sha ji a rediyo: kada a wuce adadin mutanen da jirgi zai iya ɗauka, kowa ya sa rigar kariya, ba tafiyar dare. Duk da ba ma niyyar kai dare, na sa fitilun ƙa'ida, ja a hagu, kore a dama, fari a baya, saboda ranar da inji zai tsaya maka a tsakiyar ruwa da yamma ba ta sallama.

Abin da na fi ɗokinsa shi ne na'urar auna zurfi da ɗana ya aiko min. Ƙaramin allo ne kamar tafin hannu, da wani ɗan ƙulli da ake ɗaurawa a gindin jirgi ya nutse cikin ruwa. Yana harba sauti ƙasa, sautin ya bugi ƙasan kogi ya dawo, na'urar ta lissafa lokacin. Da yake sauti yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, kafin ƙiftawar ido ta rubuta maka zurfin, ta zana maka ƙasan, har garken kifi takan nuna. Na kira Baba ya gani. Ya daɗe yana kallon allon, ya sa gorarsa ya gwada, ya ga lambar ta yi daidai. Ya yaba. Sannan ya tambaye ni, "Na ƙarƙashinka take gani ko na gabanka?" Na ce na ƙarƙashi. Ya ce, "To kututture a gaba yake."

A nan ne na fahimci ruwan da nake wasa a kansa. Daga Yelwa zuwa kudu ba kogi ba ne zalla, tafki ne da madatsar Kainji ta tara tun da aka kammala ta a 1968, tsawonsa ya kai wajen kilomita 130. An tashi mutum sama da 40,000 daga garuruwansu, tsohuwar Bussa ma tana ƙarƙashinsa. Ba duk itatuwa aka sare ba kafin ruwa ya hau, kuma itacen da ya nutse gaba ɗaya ba ya saurin ruɓewa. Suna nan a tsaye fiye da shekara hamsin. In ruwa ya cika suna can ƙasa. In ya janye sosai kawunansu na fitowa kowa ya gan su. Lokacin da ake jin tsoro shi ne tsakani, sanda kan kututture yake taƙi ɗaya ko biyu ƙarƙashin ruwa, saman ya yi lumui ba alamar komai. Kuma ruwan nan hawansa biyu ne a shekara. Akwai mai laka na daminarmu, akwai kuma wanda ke zuwa cikin sanyi, ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mana a tace. Hanyar da ka bi lafiya wata biyu da suka wuce ba lallai ta ɗauke ka yau ba.

Baba yana saurayi aka yi tashin nan. Muna tafe a kudu da Zamare sai ya ɗaga hannu ya ce in rage wuta, ya nuna wani wuri da ni ban ga bambancinsa da ko'ina ba, ya ce, "Nan tsamiya ce, a gindinta ake cin kasuwa." Muka matsa a hankali da filafili, sai ga allon ya zana wani abu tsaye ya taso daga mita shida zuwa ƙasa da mita ɗaya. Tsigar jikina ta tashi. Shi da tudun gaɓa da wata kuka da ke can nesa yake auna wurin, ya haɗa su a ido.

Sai tunani ya zo min. Wayar hannu tana karɓar wurin da take ne kai tsaye daga taurarin ɗan Adam na GPS, ba ta bukatar sabis, muddin ka sauke taswirar tun kana gari. Na ce, "Baba, in ka nuna min, zan iya sa wa kowanne alama a nan." Bai yi na'am nan take ba. Ya ce waya tana faɗawa ruwa, caji yana ƙarewa, kuma mai kallon waya ba ya kallon ruwa. Duk gaskiya ne, har na ƙara masa da cewa alamar takan kauce da 'yan mitoci, don haka ba a raɓar ta, nesa ake ba ta. Amma na ce masa abin da ke kansa ba a rubuce yake ko'ina ba, kuma yaran da ke tuƙi yanzu ba su ga tsamiyar nan da ganyenta ba. Ya yi shiru har muka dawo. Washegari shi ya riga ni zuwa kwata. Cikin watan Yuni da Yuli, da ruwa ya yi ƙasa, muka sa alama 63, kowace da sunan da ya ba ta, na kuma kwafe su a littafi.

A cikin wannan tsakanin ne na yi ɓarnar da har yau take damuna. Ran nan Baba ba ya jin daɗi, na fita da ɗansa. Ruwa ya kwanta, hannuna ya fara sabawa, na buɗe wuta. Na hango 'yan gutsattsarin soso da tsofaffin silifa suna yawo a jere, na ɗauka shara ce. Kafin yaron ya rufe baki da cewa "Kalli ne!" inji ya yi wani irin gurnani ya shaƙe. Muka ɗaga shi, farfela ta naɗe da raga har ba a ganin ƙarfenta, da karfasa biyu a matse a ciki. Mun fi rabin awa muna yanka da wuƙa, don in zaren ya shige bayan farfela yakan cinye robar da ke hana ruwa shiga man giya.

Muna cikin haka mai ragar ya iso a ƙaramin kwalekwalensa, da ɗansa da bai wuce shekara takwas ba a gaba yana kwarfe ruwa da ƙoƙo. Na shirya wa faɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗago yankakken bakin ragar ya duba, ya ce, "Alhaji, ita ke nan gare ni." Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A gaban Sarkin Ruwa aka sasanta. Na biya kuɗin sabuwar raga da na kwanakin da zai yi bai kama komai ba kafin a ɗaura mata igiya da darma. Da na je gaida Baba na tarar labari ya riga ni. Bai yi min faɗa ba, ya ce, "Ɗan Malam, kai shan iska ka fito. Shi tuwon gidansa ya fito nema. In ka ga soso a ruwa, gonar wani ce." Daga ranar ya koya min karanta alamun masunta: jeren da ke nuna kalli, gorar da ke nuna mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙasa, sandunan da ke nuna an kafa gura, wato tarkon kifi. Ya kuma sa na riƙa waiwayawa ina kallon igiyar ruwan da nake bari a baya. Kwalekwalen da ya yi lodin itace ko buhunan shinkafa, bakinsa da ruwa bai fi yatsu huɗu ba, igiyar jirgi irin nawa ta isa ta cika shi bayan na yi nisa ban ma sani ba. Yanzu tun daga nesa nake sauke wuta, in wuce ta bayansu, mu gaisa.

Sauran ladubban sun zo da sauƙi. Fetur a tudu ake zuba shi a tanki, ba a kan ruwa ba. A raba shi uku, kaso ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Akwai buhu a jirgi na ledar ruwa da robobi. In an hango dorina a ba ta fili mai yawa, musamman mai ɗa. Kafin mu tashi ina faɗa wa yayana inda za mu da lokacin dawowa, kuma saboda halin tsaro ba ma yin nisa zuwa gaɓar yamma. Hadari kuwa sau ɗaya ya gwada ni. Ina duba hasashen yanayi a waya kowace safiya, amma ran nan Baba ne ya ji iska ta sauya ta yi sanyi, ya dubi gabas ya ce mu nemi gaɓa mafi kusa, ba gida ba. Da kyar muka ɗaure jirgi kafin tafkin ya rikice ya zama fari fat.

A farkon Oktoban 2024 aka wayi gari da labarin Gbajibo, a ƙaramar hukumar Mokwa ta jihar Neja. Jirgin katako ne cike da masu dawowa daga Mauludi, akasarinsu mata da yara, ya kife da dare. Inna ta aiko a kira ni. Ba ta ce a sayar da jirgin ba, ta dai dube ni ta ce, "Ka ji ko?" Na ce na ji. Na yi kwanaki ban je kwata ba. Abin da ke cin raina shi ne waɗannan bayin Allah ba shaƙatawa suka fita ba, hanyar da suke da ita ke nan, alhali ni mai fita don nishaɗi ina da riga goma a ajiye. Da na koma, muka yi shawara da yayana muka sayi wasu ashirin na yara muka ba masu fito biyu da ke kusa da inda nake ɗaure jirgi. Na san ba su kai ko'ina ba.

Sai a ƙarshen Nuwamba Baba ya gwada ni. Ya zauna a gaba ya juya min baya, bai ce komai ba tun daga kwata har muka zagayo tsamiyar muka dawo, sai jarkar da ya wurga sau biyu. Da na ɗaure igiya ya duba ƙullin, ya sa takalmansa, ya ce in kai shi gida wajen Inna. A zaure na tsaya. Na ji yana ce mata, "Hajiya, ya iya na rana, in ruwa na kwance. Shi na yarda ya ɗauki yara a kai."

Da hutun Disamba suka zo. Yara bakwai na ɗauka, ban da ni da Baba, ko da yake akwai sauran wurin zama, sauran suka jira zagaye na biyu. Na ɗaga kafaɗar rigar kowane yaro da hannuna. Akwai ɗan hazo, don haka muka jira rana ta ɗaga, kuma ba mu rabu da ganin gaɓa ba. Jikata mai shekara tara ta zauna kusa da ni tana karanta lambobin allo da ƙarfi, mita huɗu, mita bakwai, mita tara, Baba yana gaba yana nuna wa ƙannenta wani mai birgi da ya tsaya a bakin kwalekwale ya watsa ragarsa ta buɗe kamar faifai. Muka kashe inji muka bar ruwa yana tafiya da mu, aka ci ƙosai, aka zuba ledojin a buhu.

Kafin la'asar muka dawo. Inna ta sa an kawo ta a mota, tana zaune a ciki da ƙofa a buɗe, carbi a hannu. Da yaran suka hau tudu ta riƙa taɓa kan kowanne tana kiran sunansa har ta cika bakwai. Ni kuma na ɗaga inji, na duba farfela, na rubuta awannin da ya yi a littafi, saura huɗu a canza masa baƙin mai. Baba ya tsaya a kaina har na gama, ya ce in ruwa ya fara janyewa akwai wasu kututtura a hanyar Wara da ba mu kai gare su ba, kuma matuƙa biyu sun tambaye shi ko za a iya tura musu alamomin nan a wayoyinsu.